SANIN LITTAFI DA SANIN DAJI

Darasi domin iyaye, da malaman Makarantar Lahadi, da shugabannin samari da 'yammata

Kafin ku shiga darasin nan ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wurare uku: Sarakuna na Biyu sura 4, aya 38 zuwa 41, Littafin Lissafi sura 10, aya 29 zuwa 32, da wasiƙar Yaƙub sura 1, aya 22 zuwa 25. Kadan kuna cikin taro, bari mutum uku su karanta da murya, kowa da nasa.

Ga abin da ya sa muka rubuta. Da daminar bara muka tashi daga Kalgo tare da samari huɗu, za mu ziyarci 'yan'uwa a wata ƙaramar unguwa ta wajen fadama. Da muna dawowa, wajen la'asar sakaliya, hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙoramar da muka haye da safe ruwanta iyakar idon sawu, muka tarar ta cika ta batse. Duhu ya yi, tufafinmu sun jiƙe sharkaf, sanyi ya kama mu. Ɗaya daga cikin samarin ɗalibin jami'a ne, yaro mai hankali da tsoron Allah. Cikin wayarsa yana da wani littafin Turanci mai koya wa mutum yadda zai tsira da ransa a jeji, ya kuwa karance shi sarai. Ya lissafa mana hanya biyar ta hura wuta. Amma ashanarmu ta kusa ƙarewa wuta ba ta kama ba, gama itacen duk jiƙaƙƙe ne. Mu kuma da aka haifa a ƙauye ba mu fi shi da kome ba. Shekarun makaranta da zaman gari sun ɗauke abin daga hannunmu.

Sai ga wani yaron Fulani, bai fi shekara 12 ba, rugarsu tana nan kusa. Ya gaishe mu, ya dubi tsinkayen ashanar da muka ɓata, bai ce kome ba. Ya karyo mataccen reshe wanda ke maƙale bisa itace bai taɓa ƙasa ba, ya tsaga shi da wuƙarsa, ya fere busasshiyar zuciyar ƙanana ƙanana, ya kāre su da malfarsa. Da tsinke guda wuta ta tashi. Sa'an nan ya kafa kara a bakin ruwa, ya ce, "Malam, kada ku shiga yanzu. Ku riƙa duban karan nan. In ruwa ya janye ya bar shi da taki biyu, ku haye ta wajen tsamiyar can, ƙasan wurin tsakuwa ce." Haka muka yi, da asuba muka haye lafiya.

Tun daga daren nan muna tambayar kanmu: mene ne yaron nan ya ke da shi wanda mu biyar da takardunmu ba mu da shi?

1. ƊALIBIN DA YA TAFI NEMAN GANYE

Labarin da muka karanta cikin Sarakuna na Biyu ya faru a Gilgal lokacin yunwa. 'Ya'yan annabawa suna zaune gaban Elisha suna ɗaukar karatu; a iya cewa makarantar Littafi ce ta wancan zamani. Elisha ya sa a ɗora babbar tukunya. Ɗaya daga cikinsu ya fita saura neman ganyen miya, ya iske wani abu mai yaɗo da 'ya'ya masu kyaun gani, ya cika rigarsa da su, ya zo ya yanyanka cikin tukunya. Ba wanda ya san ko mene ne. Da suka ɗanɗana sai suka yi kururuwa, gama sun gane dafi ne. Masana da yawa suna tsammani irin kwartowa ce, wadda ta yi kama da ƙaramar kankana, mai ɗaci ƙwarai, mai tsuge cikin mutum har ya galabaita.

Ku lura, ɗalibin nan ba malalaci ba ne, ba mugu ba ne kuma. Shi ne ma ya tashi ya yi aiki domin 'yan'uwansa. Abu guda ya rasa: bai san saura ba. Allah ya yi jinƙai, ya warkar da abincin ta hannun Elisha. Amma kada wani ya ce, "To, ashe ba sai mun koya ba, Allah zai tsare." Ubangijinmu kansa ya ƙi faɗowa daga kan haikali sa'anda Shaiɗan ya kawo masa aya domin ya ruɗe shi. Dogara ga Allah daban, gwada Allah daban.

Ku dubi Musa kuma. An koya masa dukan hikimar Masarawa a gidan Fir'auna, duk da haka sai da ya yi shekara 40 yana kiwon tumaki a Midiyan kafin Allah ya danƙa masa jama'a. Har bayan wannan, da za su tashi daga Sina'i, ya roƙi Hobab kada ya rabu da su, domin Hobab ya san wuraren sauka cikin jejin, zai zama musu kamar idanu. Girgijen Ubangiji yana gabansu, amma Musa bai ga laifi ba ya nemi ɗan ƙasa. Dauda ma, ran da zai fuskanci Goliyat, ya tuɓe kayan yaƙin Saul domin bai saba da su ba, ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya sani tun yana kiwo.

2. BAƘON DA YA SAUKA GWANDU

Cikin watan Mayu na 1853 wani Bature mutumin Jamus ya sauka Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashen nan Abdulkarim a ke kiransa. Babban mai ilmi ne, ya gama jami'a a Berlin, ya iya Larabci. A Gwandu ya sami aron wani tsohon littafin tarihin Songhai da Tumbutu, ya yi kwanaki yana kwafewa. Ya yaba albasar garin. Ya karɓi takardar izni daga fada, ya bi ta Birnin Kebbi da farkon damina, ya isa Tumbutu cikin Satumba na shekaran nan, ya sake biyowa ta Gwandu a 1854. Cikin masu rakiyarsa akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda daga baya ya tafi Ingila ya taimaki Schön da aikin Hausa. Schön ɗin nan shi ne ya juya Bisharar Matta zuwa harshenmu, aka buga ta a 1857.

Amma da kaɗan Barth bai ga Gwandu ba. Cikin Yuli na 1850, suna tsakiyar hamada kusa da Ghat, ya ga wani dutse mai suna Idinen, ya yi niyyar hawa. Buzayen da ke musu ja-gora suka hana shi, ba wanda ya yarda ya raka shi. Ya tafi shi kaɗai da 'yar salkar ruwa da busasshen guzuri. Dutsen ya fi yadda ya zata nisa. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ya kwana ƙarƙashin wani itace yana hangen wutar da abokansa suka hura amma ba shi da ƙarfin tafiya. Kashegari ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa bisa raƙumi ya same shi rai a hannun Allah. Mutumin nan ya fara yayyafa masa ruwa a ka tukuna, kafin ya ba shi sha.

Buzun nan ya iya karatun da Barth bai iya ba, watau karatun sawu bisa ƙasa. Barth kuwa ya ɗauki darasi. Ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci, yana tambayar fatake da 'yan ƙasa sunan kowane gari da kowace rijiya, yana rubutawa. Da haka ya ƙetare dajin Gundumi a kan hanyar Sakkwato, tafiyar yini da kwana ba hutawa. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, ciwo ya kashe su a Barno, ɗaya a 1851, ɗaya a 1852. Shi ya koma gida a 1855. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

3. LITTATTAFAN ZAMAN DAJI

Akwai littattafai da yawa da aka rubuta domin koya wa mutum zaman jeji, yanzu kuwa samarinmu suna samunsu cikin waya, har da hotuna masu motsi. Wani Bature, Francis Galton, ya buga nasa a 1855 bayan ya yi tafiya a kudu maso yammacin Afirka. Wani tsohon sojan Ingila, John Wiseman, ya buga nasa a 1986, ya bazu ko'ina cikin duniya. Wanda ya fi shafarmu shi ne na Baden-Powell, uban 'yan Sikawut, na 1908. Ba mu raina ko ɗaya. Wahalar da mutane da yawa suka sha ce aka tara wuri guda domin kada na baya su sake shan ta.

Amma ku duba yadda Baden-Powell ya yi. Kafin littafinsa ya fito, sai da ya kai yara wajen 20 wani tsibiri mai suna Brownsea a 1907, suka kafa zango, suka dafa abincinsu, suka koyi bin sawu da ƙullin igiya. Hakanan William Smith, malamin Makarantar Lahadi wanda ya kafa Boys' Brigade a Glasgow a 1883, ya fara kai yaransa zango a 1886. Mutanen nan sun sani littafi nuni ne kawai, hannu da ƙafa su ke koyon aikin.

Littafi yana da iyaka iri uku. Ta fari, an rubuta shi domin wata ƙasa. Itatuwan da ke cikin hotunansa ba su tsiro a Gwandu, waɗanda ke tsiro a Gwandu kuwa ba su ciki. Ta biyu, littafi ba ya jin sanyi ko tsoro. Mai karatu yana zaune a inuwa cikinsa cike. Ranar wahala hannu na rawa, duhu ya rufe, abin da ka ya haddace sai ya watse, abin da hannu ya saba shi ke saura. Ta uku, littafi ba ya ganinka balle ya tsauta maka. Dattijo na tsaye kusa zai ce, "A'a, ba haka ba, sake."

Ga misali mai ban tausayi daga Amurka. A 1992 wani saurayi mai shekara 24, Christopher McCandless, wanda ya gama jami'a, ya shiga jejin Alaska shi kaɗai da bindiga, da 'yar shinkafa, da littafin tsire-tsiren da a ke ci. Ya harbe wata dabba mai girman bijimi, ya yi ƙoƙarin ƙyafe naman bisa ga abin da ya ji daga maharban wani yanki dabam, naman ya yi tsutsa ya lalace. Mutanen ƙasan nan su kan yanka shi falle falle ne su shanya a iska, kusan yadda mu ke yin kilishi. Da ya so fita, ya tarar kogin da ya haye a dā ya cika. Akwai wurin ƙetarewa da igiyar ƙarfe bai kai mil guda daga nan ba, amma bai sani ba. Ya koma, yunwa ta kashe shi. Yini guda tare da ɗan ƙasa da ya ishe shi.

4. ME YA SA MU KE WANNAN MAGANA YANZU?

Wani zai ce, "Ai yanzu zamanin mota da waya ne, ina ruwanmu da daji?" Ku tuna da ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa cikin Jihar Kebbi, ta yanke hanyoyi, mutane suka kwana bisa tudu ba wuta ba ruwan sha mai kyau. Ku tuna da jirgin ruwan da ya tsage a Kwara kusa da Wara ran 26 ga Mayu 2021, mutane masu yawa ƙwarai suka halaka. Ku tuna kuma da 'yan makarantar Birnin Yawuri da 'yan bindiga suka kwashe cikin Yuni na 2021. A wurare da dama cikin Arewa iyali sun tashi da tsakar dare sun shiga jeji da abin da ke jikinsu kaɗai. Ba mu faɗi wannan domin mu tsorata kowa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayenmu sun san waɗannan abubuwa ba tare da sun kira su darasi ba, gama kiwo da itace da su da farauta sun koya musu. 'Ya'yanmu suna tashi daga aji zuwa aji, mun kuwa gode wa Allah saboda makaranta. Sai dai kowace shekara muna binne dattawa tare da saninsu, ba wanda ya karɓa.

5. ABU BIYAR DA ƘASARMU KE KOYARWA

Ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce awo 40 a ƙasarmu. Mai tafiya cikin rana irin wannan ba ruwa, yini guda ya isa ya kayar da shi. A yi tafiya da sassafe da yamma, a huta da tsakar rana. Ƙoramar da ta ƙafe sau da yawa tana da ruwa ƙarƙashin yashi, amma sanin inda za a tona sai wanda ya taɓa tonawa. Ƙwayar zogale da aka daka ta kan kwantar da laka, kamar ƙwaya guda ga lita guda, a dama a bari sa'a guda. Wannan ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta. Sai a tafasa ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka. Kadan ba wuta, a zuba tsararren ruwa cikin farar gorar roba a kwantar cikin rana sa'a 6.

Abinci. Allah ya cika jejinmu da abinci: aduwa, magarya, kurna, kanya, ɗinya, goruba, kuka, tsamiya, ɗorawa, muruci, tafasa, yaɗiya, da bado a fadama. Amma a cikinsu kuma akwai zaƙami mai haukatarwa, da 'ya'yan bini-da-zugu masu daɗin baki da ke kwantar da yara, da tumfafiya da tinya waɗanda ƙullunsu ke ɓata ido. Akwai kuma na tsakani. Littafi zai ce ana cin 'ya'yan anza, gaskiya ne, sun ceci mutane da yawa cikin shekarun yunwa. Amma sai an jiƙa su kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita. Tsohuwar da ta taɓa yi ita ta san ranar da suka isa ci. Ka'ida ke nan: abin da wanda ya sani bai nuna maka da hannunsa ba, kada ka kai baki.

Wuta da igiya. Kowane yaro ya iya hura wuta da jiƙaƙƙen itace da tsinken ashana biyu. Kadan akwai dattijo mai ƙyastu da ƙanƙara, a roƙe shi ya nuna. Itacen nan kalgo, mai suna ɗaya da garinmu, ɓawonsa igiya ce mai ƙarfi. Yara nawa ne cikin Kalgo yau suka taɓa ɓare shi su ɗaure dami?

Hanya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, hadarin damina kuwa galibi daga gabas ya ke tasowa. Tauraron arewa ba ya gusawa daga wurinsa. A ƙasarmu yana ƙasa ƙasa, kadan ka miƙa hannu tsayinsa daga gindin sama bai fi dunƙulen hannu guda da ɗan ɗori ba, domin haka hazo ya kan ɓoye shi. Ba a koyon wannan cikin ɗaki, sai a fita waje da dare. Wanda ya ga ya ɓata, ya tsaya ya zauna a inuwa tukuna. Gudun firgita shi ke ƙara nisa. Kafin ka fita kuma, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Gulbi. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato. Kabawa masunta, waɗanda duniya ke zuwa kallo a Argungu tun 1934, bisa gora su ke kwanciya su yi su. Jarkar da ba kome ciki, an toshe bakinta, tana yin aikin nan. Kadan wani yana nutsewa, a miƙa masa doguwar sanda ko a jefa masa igiya ko jarka. Wanda bai ƙware ba in ya faɗa, gawa biyu za a fitar. Kada a shiga jirgin da ya cika fiye da kima, kome sauri. Ku tuna, ran da jirgin Bulus ya fashe a Malita, waɗanda suka iya iyo aka ce su fara faɗawa. Ba a ranar suka koya ba.

6. INDA LITTAFI KE GYARA DATTIJO

Kada mu zarce gona da iri mu ce duk abin da aka gada daidai ne. Maganar saran maciji ta isa misali. Mun saba a ɗaure wurin tamau, a tsaga, a tsotse, a ɗora baƙin dutse. Tsofaffin littattafan Turawa ma haka suka koyar. Likitoci sun bincika sun ga wannan ba ya fitar da dafi, ɗauri mai tsanani kuwa ya kan kashe hannu ko ƙafa. Kububuwa, wadda a ke wa kirari gobe da nisa, dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum ya ga kamar ya sami sauƙi, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi da wurin saran. Tsagawa ƙara masa zubar jini ne. Abin yi shi ne a kwantar masa da hankali, a cire zobe da munduwa, a ɗaura wa gaɓar tsinke kamar ta mai karaya domin kada ta motsa, a ɗauke shi maza zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, ana addu'a a hanya. Kadan gamsheƙa ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan.

Hakanan mai zawo: littafi ne ya koya mana a dama rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba tozo, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi. Littafi ne kuma ya nuna mana tsargiya daga ruwan kududdufi da fadama a ke ɗaukarta. Domin wannan, mai littafi da mai daji kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Ɗalibinmu na jami'a yana da abin da zai koya wa yaron nan na ruga, kamar yadda yaron ya koya masa.

Wani abu kuma: wajen maharba da masunta za mu iske sani na gaskiya gauraye da layu da tsafi. Mu karɓi sanin da godiya, gama Allah ne ya halicci itace da gulbi da taurari. Mu bar sauran cikin ladabi, ba da gardama ko raini ba.

7. ABIN DA EKKLESIYA ZA TA YI

Muna ba da shawara kowace ekklesiya ta keɓe yini guda cikin kowane wata uku domin wannan koyo. Dattawan ekklesiya su zauna su rubuta sunayen waɗanda suka san abu: wannan ya iya iyo, wannan ta san ganyaye, wannan ma'aikaciyar asibiti ce. Kadan ba mu da masani a cikinmu, mu roƙi maƙwabcinmu makiyayi ko masunci, mu girmama shi, mu biya shi ladan yininsa. Zumunci ya kan tsiro daga nan.

A zaɓi wuri kusa da gari, da rana, da sanin mai unguwa da iyaye. Kada a kai yara inda ba a tabbatar da zaman lafiyarsa ba. Babba guda ga yara biyar ko shida. Koyon iyo sai a ruwa marar zurfi wanda ma'aikatan lafiya ba su yi kashedi a kansa ba, da gwanaye a tsaye. 'Yammata su koya daidai da samari, gama ranar gudu uwa ce ke riƙe da yara. Zumuntar Mata ta ɗauki wannan da nauyi. A karanta abin cikin littafi da safe, a fita a yi shi da hannu, kowane yaro da kansa, har sau uku. Wanda ya kasa kada a yi masa dariya. Gara ya kasa yau gaban malaminsa.

8. MADUBI DA TAFIYA

Yanzu mu koma ga Yaƙub. Ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya duba fuskarsa a madubi, ya juya, nan da nan ya manta kamanninsa. Ashe ciwon da ya same mu a bakin ƙorama yana samunmu cikin ruhaniya. Da yawa cikinmu mun haddace ayoyi a kan gafara, amma ran da ɗan'uwa ya ci mana iyakar gona sai hannu ya yi rawa. Mun iya wa'azi a kan bangaskiya, amma ba mu saba durƙusawa cikin ƙananan damuwa ba, domin haka babbar damuwa ta kan same mu da jiƙaƙƙen itace.

Littafi Mai Tsarki ba kamar sauran littattafai ba ne: ba ya tsufa, ba a rubuta shi domin wata ƙasa kaɗai ba, Ruhu Mai Tsarki kuwa yana tare da mai karatu yana tsauta masa. Duk da haka Ubangiji Yesu bai miƙa wa almajiransa takarda ya sallame su ba. Ya yi tafiya da su a ƙafa, sun ji yunwa tare, hadari ya same su cikin jirgi, sa'an nan ya aike su biyu biyu su gwada, suka komo suka ba shi labari. Hanyar nan ce ya bar mana. Sabon mai bi yana bukatar Hobab nasa, tsohon mai bi wanda zai tafi da shi gaisuwar mara lafiya, da sulhunta masu faɗa, da shaida Bishara, har ya saba.

TAMBAYOYI DOMIN TARO

1. Mene ne ɗalibin Gilgal ya rasa? Laifin nasa ne shi kaɗai, ko da na waɗanda suka ga yana yankawa?
2. Tun da girgijen Ubangiji yana gabansu, don me Musa ya roƙi Hobab?
3. Ku lissafa itatuwa 10 na jejinku da a ke ci, da 3 masu cutarwa. Yaranku za su iya nuna su?
4. Wane ne cikin garinku ya san abin da zai tafi da shi kabari kadan ba a tambaye shi bana ba? Wa zai je wurinsa, yaushe?
5. Wace koyarwa ce ta Ubangiji ka sani da ka amma ba ka taɓa aikatawa ba? Me za ka yi a kanta cikin makon nan?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai da ka bi da jama'arka cikin jeji shekara 40, mun gode maka domin littattafai da makarantu, mun gode kuma domin dattawa da makiyaya da masunta waɗanda ka ba sanin ƙasa. Ka ba mu tawali'u mu tambaya, ka ba mu himma mu gwada. Ka tsare matafiya da masu haye gulbi, ka komo da waɗanda ke hannun mugaye, ka ba ƙasarmu salama. Ka sa abin da muka ji yau ya sauko daga kunnenmu zuwa hannuwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.